Hukuncin shekara 12 da suka wuce: me mutum zai cika a fom ɗin neman aiki?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana shari'a da masu ɗaukar ma'aikata na wannan zaure. A ce matashi ne ɗan shekara 20 aka kai shi kotun majistare kan faɗa, ya amsa laifi, alƙali ya ce ɗaurin wata shida ko biyan tara, 'yan uwa suka haɗa kuɗi suka biya aka koma gida. Yau shekara 12 ke nan, ya yi digiri, ya gama bautar ƙasa, sai ga fom ɗin neman aiki yana tambaya ko kotu ta taɓa samunsa da laifi. Me zai cika? Mutane da yawa suna cewa bayan shekara 10 laifi yana goge kansa. Gaskiya ne?

Sarkin_Yaki:
Ya rubuta a'a ya wuce. Tara ai ba ɗauri ba ce. Wa zai je ya tono fayil ɗin shekara 12?

Lauyan_Unguwa:
Wa alaikumus salam. Malam Sarkin_Yaki, a yi haƙuri, wannan shawarar ce take jefa mutane a rami. Tara hukunci ce. Fom bai tambayi ko an taɓa ɗaure ka ba, ya tambayi ko an taɓa samunka da laifi. Daga lokacin da aka karanta masa takardar tuhumar 'yan sanda, wato FIR, ya ce "na aikata", alƙali kuma ya rubuta ya same shi da laifi bisa amsawar bakinsa, zance ya ƙare. Wata shida ko biyan tara zaɓi ne na yadda zai sauke hukuncin, ba ya canja abin da ke littafin kotu. Da yawa suna amsa laifi ne don gudun a tura su jiran shari'a, ba wanda ya faɗa musu cewa tarar da za a biya yau za ta bi su har wurin neman abinci.

Zancen shekara 10 kuwa yana da asali, amma an ɗauke shi daga muhallinsa. Daga kundin tsarin mulki na 1999 ya fito: sashe na 66 ga masu takarar majalisar tarayya, na 107 ga majalisar jiha, na 137 ga shugaban ƙasa, na 182 ga gwamna. Abin da suka ce shi ne wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe ba zai tsaya takara ba. Na 'yan takara ne. Najeriya ba ta da wata dokar gama-gari da ta ce bayan shekara kaza tsohon hukunci ya mutu, mai neman aiki ya daina ambatonsa.

Magatakarda_77:
Kafin a kai ga cika fom, akwai matakin da kowa ke tsallakewa: mutum ya san ainihin abin da kotu ta rubuta. Da yawa ba su sani ba. Sun dai tuna an je kotu, an biya kuɗi, an dawo. Kuɗin nan zai iya zama tara, zai iya zama diyyar da aka ba mai ƙara a yi sulhu, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

Ya je kotun da aka yi shari'ar, ya rubuta wa rajistara takardar neman kwafin hukunci mai hatimin kotu, wanda ake kira CTC. Ya sa sunansa kamar yadda aka rubuta a lokacin, da shekarar, da lambar ƙara in yana da ita, da ofishin 'yan sandan da ya kawo ƙarar. Ya biya kuɗin kwafi ya karɓi rasit. Idan babu lambar ƙara, sai an bi babban littafin rajista na shekarar shafi-shafi, nan ne aiki yake tsayawa. Wata kotun an sauya mata wuri, wata ruwa ya shiga ɗakin ajiya, wata gara ta gama da fayil. Littafin da alƙali ya rubuta da hannunsa yakan fi fayil daɗewa, a nemi shi.

Idan kwafin ya fito a duba shafin ƙarshe. Ko dai an kori ƙarar saboda mai gabatarwa ko shaidu sun daina zuwa, ko mai ƙara ya janye bayan sulhu, ko an sallame shi an wanke shi, ko an same shi da laifi. Na ƙarshen nan kaɗai ne amsarsa eh.

Yar_Sabongari:
To wanda ya yi shekara biyu a gidan yarin Kurmawa yana jiran shari'a, daga baya aka sake shi fa?

Magatakarda_77:
Hajiya, a takarda shi ba mai laifi ba ne, sashe na 36 na tsarin mulki yana tare da shi. Amsarsa a'a, da gaskiyarsa. Abin takaicin shi ne a unguwa shi ake kira tsohon fursuna, wanda ya biya tara ya kwana a gida kuwa ba wanda ya san da shi, alhali a takarda shi ne mai tabon. Kuma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne.

Uwar_Ofis:
Bari na faɗi yadda abin yake a kamfanoni masu zaman kansu, don ba ƙofa ɗaya ba ce. Ƙananan wurare, shago, gidan mai, makarantar unguwa, kamfanin jigila, mafi yawansu ba sa neman takardar 'yan sanda. Garanto suke nema, yawanci mutum biyu, da hotonsu da katin shaidarsu da adireshin da za a iya zuwa a gani. Wani lokaci a kira wurin da mutum ya bari. A nan tsohon hukunci yana cizo ne ta bayan gida: mai mutunci a unguwa ya san labarin, ya ƙi sa hannu. Manyan wurare, bankuna, ƙungiyoyin agaji na waje, ofisoshin jakadanci, kamfanonin mai, su ne suke neman takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wasu ma su ba wani kamfani kwangilar bincike.

Abin da nake so Malam Sarkin_Yaki ya duba shi ne layin da ke ƙasan fom, inda ake sa hannu cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma in an gano ƙarya za a iya sallamar mutum ba tare da sanarwa ba. Faɗan ɗan shekara 20 abu ne da manaja zai iya kau da kai. Ƙaryar ɗan shekara 32 a kan fom ita ce ba a yafewa, kuma ko kotun ma'aikata ta ƙasa ya je, takardar da ya sa wa hannu ce za a fara ajiye masa a gaba.

Idan zai faɗa, ya faɗa a taƙaice, layi huɗu sun isa: wane laifi, wace shekara, wane hukunci, me ya yi da rayuwarsa tun daga nan. Ya haɗa da CTC ɗin da Magatakarda ya ambata. Kada ya tsaya yana cewa sharri aka yi masa, ko alƙali ya karɓi kuɗi. Mai intabiyu da ya ji haka sai ya ɗauka har yanzu mutumin bai ga laifinsa ba. Idan kuma fom bai tambaya ba, ba dole ya buɗe zancen da kansa ba.

Sarkin_Yaki:
Hajiya, na ji, amma ku faɗi ɗaya gefen. Gurbi goma, masu nema dubbai, ta intanet ake cikewa. Wanda ya danna eh kwamfuta ce za ta zubar da shi, ba ɗan Adam da zai karanta layinki huɗu. Gaskiyar tasa ta kai shi ina?

Uwar_Ofis:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa irin wannan mutum ya fi samun shiga ta inda zai zauna da mai ɗauka ido da ido, ko ta hannun wanda zai tsaya masa. Manyan shafukan ɗaukar aiki na dubban mutane su ne mafi munin ƙofa a gare shi.

Tsohon_Sufeto:
A kan tambayar "wa zai tono", ga yadda tsarin yake. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 15, ta ce a rubuta bayanan duk wanda aka kama, har da tsawonsa da hotonsa da zanen yatsunsa. Sashe na 16 ya kafa babbar rajistar masu laifi a hannun 'yan sanda, ya ce a aika mata hukuncin kotu cikin kwana 30. Jihohi sun yi nasu irin dokar, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Tsohuwar rajistar tana Alagbon a Legas tun da daɗewa.

Takardar shaidar hali yanzu ta shafin intanet na 'yan sanda, POSSAP, ake nema: a buɗe asusu da lambar NIN, a zaɓi ko ta cikin gida ce ko ta fita waje, a ɗora hoto da shafin fasfo in ta waje ce, a biya, sannan a je a ɗauki zanen yatsu. Masu karɓarta yawanci ba sa son wadda ta wuce wata uku, don haka kada a yi ta da wuri. Wadda za a kai wata ƙasa sau da yawa sai an kai ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja an buga mata hatimi.

A aikace, hukunce-hukuncen ƙananan kotuna da yawa, musamman na shekarun baya, ba su taɓa isa rajistar ba. To mutumin Dan_Kurmi zai iya nema ta fito fes. Amma a lura da abin da takardar take nufi: ba a ga sunansa a rajista ba. Ba ta shafe littafin kotu. Kuma asiri ba ta rajista yake tonuwa ba, ta takardar koke yake tonuwa. Ranar da aka zo ƙarin girma ko aka ba shi riƙon kuɗi, abokin hamayya ko wanda suka yi faɗan da shi ya rubuta wa hukuma, ya haɗa da kwafin hukunci. CTC ai ba mai laifin kaɗai ke iya nema ba.

Dan_Sakatariya:
Aikin gwamnatin tarayya ba a rufe yake ruf ba kamar yadda ake zato. Ƙa'idojin aikin gwamnati cewa suka yi wanda aka taɓa samu da laifi, ko aka taɓa kora daga aikin gwamnati, ba za a ɗauke shi ba sai da amincewar hukumar kula da ma'aikata ta tarayya tun kafin a ba shi takarda. Wato akwai ƙofa, ƙarama ce dai. Su kuma suka ce ɓoyewa ko faɗin ƙarya ya isa dalilin a ƙi ɗauka ko a sallama daga baya.

Aikin ɗamara daban ne. Soja da ɗan sanda da kwastam, sanarwar ɗaukarsu tana sa sharaɗin cewa kotu ba ta taɓa samun mutum da laifi ba, ba ruwansu da girman laifin. Banki kuma doka ce ta hana, dokar bankuna ta 2020 ba ta yarda a ɗauki wanda aka samu da zamba ko rashin gaskiya ba, kuma Babban Banki yana riƙe da jerin waɗanda aka kora kan irin haka. Har gadi: dokar kamfanonin tsaro masu zaman kansu ta 1986 ta hana wanda aka ɗaure kan sata, zamba ko cin amana. Wannan ya fi ba ni haushi, don gadi ne aikin da mutane ke tura wanda ya fito daga gidan yari ya nema.

Malam_Na_Tudu:
Mu dai talakawa ne abin ke bi. Obasanjo daga kurkuku ya fito a 1998 ya zama shugaban ƙasa a 1999. Cikin tsoffin gwamnoni, Alamieyeseigha an yi masa afuwa a 2013, Dariye da Nyame a 2022. Yaron da ya saci waya kuwa ko gadi ba zai samu ba. Allah ya kyauta.

Lauyan_Unguwa:
Malam, misalan nan sun kawo mu kan afuwa, kuma a nan ma ana cakuɗa abubuwa. Cikakkiyar afuwa ita kaɗai ce take wanke tabon a idon doka. A shari'ar Falae da Obasanjo ta 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda aka yi wa ita ya zama sabon mutum. Shugaban ƙasa yana bayarwa a ƙarƙashin sashe na 175, kan laifin dokar tarayya, bayan ya tuntuɓi majalisar ƙoli ta ƙasa. Gwamna yana bayarwa a ƙarƙashin sashe na 212, kan laifin dokar jiha. Faɗa ko sata a ƙarƙashin Final Kod, kundin dokar laifuka na jihohin Arewa, na gwamna ne, ana rubutawa ta ma'aikatar shari'a ta jiha zuwa kwamitin afuwa. Laifin ƙwaya da NDLEA ta kai babbar kotun tarayya kuwa gwamna ba shi da hannu a ciki.

Abin da ba afuwa ba ne: rage wa'adi, da sakin da babban jojin jiha ke yi in ya zagaya gidajen yari, da biyan tara da masu hali ke yi da azumi a saki mutane su yi salla a gida. Duk waɗannan suna fitar da mutum daga ɗaki, hukuncin yana nan. Wanda aka ce an yi masa afuwa ya nemi takardar ya karanta kalmar da aka yi amfani da ita.

Gandiroba_Mai_Ritaya:
Barista, ka manta dokar hukumar gyaran hali ta 2019. Sashe na 14 ya tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya zauna lafiya ya koyi wani abu, ya kuma ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Ba ta zuwa da kanta, sai an bi ta. Haka wanda ya koyi kafinta, walda ko ɗinki a ciki, ya dage ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Takardar gwajin ba ta ɗauke da tabon gidan yari, ita ce za a nuna wa mai gareji ko ɗan kwangila. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, ma tana da cibiyoyi a wasu gidajen, kuma fursuna ba ya biyan kuɗin karatu.

Lauyan_Unguwa:
Ban manta ba, ranka ya daɗe, ina shakkar ƙarfinta ne. Mai kamfani ba zai rubuta maka cewa don ka yi zaman yari ya ƙi ka ba, cewa zai yi an samu wanda ya fi cancanta. Sashe na 42 na tsarin mulki kuma da ya lissafa dalilan da ba a yarda a nuna bambanci a kansu ba, ƙabila, asali, jinsi, addini, ra'ayin siyasa, bai sa tsohon hukunci ba. Sannan mutumin da ake tambaya a kansa tara ya biya, wa zai ba shi wannan takardar?

Dan_Damagaram:
A nan Nijar abin ya fi zama a tsare. Kowane konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, sai ka kawo kaziye judisiyer, takardar tarihin hukuncin kotu, wanda bai kai wata uku ba, daga kotun yankin da aka haife ka. Kashi uku ne. Na 1 alƙalai kaɗai ke gani, komai na ciki. Na 2 na hukumomin gwamnati ne. Na 3 shi ake ba mutum a hannu, kuma ɗaurin kaso na zahiri yake nunawa, tara da ɗaurin talala ba sa fitowa a ciki. Akwai kuma hanyar wanke suna a doka, ko ta wucewar lokaci ko ta roƙon kotu. Da mutuminku a nan yake, takardarsa ta 3 fara za ta fito, bisa doka, ba bisa ɓacewar fayil ba.

Bakon_Manchester:
Masu shirin zuwa Ingila aikin jinya ko koyarwa su kula. A nan akwai dokar 1974 da ke kashe tsohon hukunci. Tun Oktoba 2023, tara tana mutuwa bayan shekara 1, ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba yana mutuwa shekara 1 bayan kammala wa'adi, na sama da shekara 1 zuwa 4 bayan shekara 4, na sama da haka bayan shekara 7, ban da manyan laifukan ta'addanci, fyaɗe da zubar da jini. Da ya mutu, kana da ikon cewa a'a a yawancin ayyuka. Amma asibiti, makaranta da kula da tsofaffi an cire su, binciken tarihin laifi mai zurfi na hukumar DBS ake yi. Biza kuma ba ruwanta da mutuwar hukunci. Ana neman takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 cikin shekara 10 da suka wuce, ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo a hana biza, ƙarya a fom kuma tana iya jawo hanin shekara 10.

Dalibar_BUK:
A Amurka an auna abin. Wata mai bincike, Devah Pager, ta tura matasa masu takardu iri ɗaya neman aiki a Milwaukee, aka buga sakamakon a 2003. Farar fata marar tabo an sake kiransa kashi 34 cikin 100, mai tabo 17. Baƙar fata marar tabo 14, mai tabo 5. Irin wannan ne ya ƙarfafa masu neman a cire tambayar daga fom na farko, a bar ta sai an ga mutum. Shi ne dai ƙorafin Sarkin_Yaki.

Yar_Sabongari:
Ni ina ganin kada tausayi ya rufe mana ido. Mai makaranta da zai ɗauki malami, ko uwar da za ta ba direba yaranta, suna da haƙƙin su sani. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe tun Nuwamba 2019, makarantu nawa ne suke dubawa? A duba laifin a duba aikin. Wanda aka ɗaure kan cin amanar kuɗi zai iya koyar da lissafi, kada dai a ba shi kashiya. Mai laifi kan yara kuwa ko shekara 30 ta wuce ba shi ba aji.

Dan_Kurmi:
Na gode ƙwarai. Ƙarin tambaya ɗaya: wani fom ɗin cewa yake "laifin da ya shafi zamba ko rashin gaskiya". Shi ma eh ɗin ne? Kuma da a ce yana ɗan shekara 16 abin ya faru?

Lauyan_Unguwa:
A'a. Faɗa ba rashin gaskiya ba ne. Sata, damfara, zamba cikin aminci, yin jabun takardu, su ake nufi. A irin wannan fom zai rubuta a'a bai yi ƙarya ba, muddin CTC bai nuna an haɗa masa da wani sashe ba, don 'yan sanda sukan jera tuhuma uku huɗu a FIR ɗaya, mutum ya amsa su a dunƙule. A duba ko akwai sashe na 287 (sata) ko 312 (cin amana) na Final Kod a ciki.

Na yaro kuma daban ne. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce bayanan shari'ar yaro sirri ne, ko kalmar samu da laifi ba a amfani da ita a kansa. Sai dai in an ƙara masa shekaru a takarda an kai shi kotun manya, wanda yana faruwa. A nan sai ɗaukaka ƙara, kuma wa'adinta daga majistare kwana 30 ne, bayan haka sai an roƙi babbar kotu ta ƙara lokaci, da dalili mai ƙarfi na jinkirin.

Sarkin_Yaki:
Har yanzu dai ban ga wanda ya nuna min mutumin da ya danna eh a shafin ɗaukar aiki aka kira shi ba.

Magatakarda_77:
Malam Dan_Kurmi, in za a je karɓar kwafin a nemi guda uku lokaci ɗaya, kowanne da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Fotokwafin CTC ba CTC ba ne, wasu ofisoshin ba sa karɓa. A riƙe rasit ɗin tarar ma in yana nan, shi ne shaidar cewa an sauke hukuncin.